Ƙafar da Munka Ɗauko Daga Dakar

Ni ban taɓa iya buga ƙwallo ba, baki ne nawa. Duk wanda ya san kasuwar Jega a farkon samun jihar Kebbi ya san rumfata ta gyaran rediyo, ya kuma san in ana gardamar ƙwallo a wurin, muryar da ta fi tashi ta Ummaru ce, wato ni. Mai ƙafa shi ne Waliyyu, mutumin Maiyama. Bahago ne, ɗan siriri, in ya ja ƙwallo ta gefen hagu sai dai ka ga 'yan baya suna kallon juna. Na ukunmu Imrana ne, ɗan Aliero. Shi ba baki ba ƙafa, amma yana da uba. Ubansa shi ne Baba Arzika mai ɗori, wanda ake ɗauko masu karaya daga Kano, daga Ilori, har daga Nijar a kawo ƙofar gidansa. Imrana ba ya magana mai tsawo bai sako Baba a ciki ba.

Na sha zuwa gidan nasu. Abin da ya fi burge ni shi ne, in mota ta tsaya da mai karaya, tsohon ba ya zama a kawo masa shi. Da kansa zai fito, ko yana cin abinci, ya sunkuya a ƙofar motar ya duba, sannan ka ji ya ce, "Ku shigo da shi." Imrana ya ce wannan karamci ne irin na gidansu, kuma tun da ya yi wayo babu wanda ya shiga zauren Baba bai fito da ƙafarsa ba.

Da anka ba mu jiha kanmu ya yi girma. Sai ga gasar cin kofin Afirka za a yi a Senegal. Waliyyu ne ya fara kawo maganar, yana zaune kan bencina yana cin ƙuli-ƙulina ba tare da an yi masa tayi ba. Ya ce tunda an yi sabuwar jiha, ya kamata duniya ta ga sunanta a talabijin. Na ce masa wanda bai taɓa wuce Yawuri ba shi ke maganar Dakar? Ya ce ai shi ya sa. Kafin mako ya zagayo maganar wasa ta zama gaskiya. Munka sayi farin ƙyalle, wani mai rubutun allon shaguna ya zana mana KEBBI TA ISO da koren fenti. Munka kai wa tela buhunan taki ya ɗinka musu hannuwa, munka goya kamar 'yan makaranta, ciki an cika da garin kwaki da ƙuli da dakuwa da tabarmar salla. Ni na ƙara da 'yar rediyota.

Tafiyar zuwa ba zan cika ku da ita ba, don daɗi ne zalla, shi kuwa daɗi ba ya da labari mai yawa. Motar albasa ta wani abokin kawun Imrana ta ɗauke mu daga Aliero, munka ƙetare ta Kamba, ta kai mu har Wagadugu a saman buhuna. Har munka isa Bamako duk wanda ya zauna kusa da mu sai ya matsa, saboda warin albasa ya kama jikinmu. Babu mai jin Faransanci a cikinmu. Da Hausa da guntun Zabarmanci da 'yar Fillancin Waliyyu da nuni da hannu munka yi ta lallaɓawa. Daga Bamako munka shiga jirgin ƙasa mai tafiya kamar an tilasta shi, ya ajiye mu a Dakar.

A Dakar Allah ya haɗa mu da Malam Jibrin, wani dattijo mai tsire mutumin Dogon Dutsi, wanda ya daɗe a garin har ya iya harshensu. Yana jin Hausarmu ya ce, "Mutanen Kabi, mi ya kawo ku ƙarshen duniya?" Ya ba mu bayan shagonsa munka shimfiɗa tabarmi.

Wasan farko mu da masu masaukin baƙi ne. Ban taɓa ganin mutane haka a wuri guda ba, ko ranar kasuwar Jega ta jajibirin salla. Munka ɗaga ƙyallenmu har hannuwanmu sunka yi sanyi. Ko talabijin ta nuna shi ko ba ta nuna ba, har yau ban sani ba. Najeriya ta ci wasan, Waliyyu ya rungume ni yana kuka yana dariya, daga nan munka naɗe ƙyalle munka fita sumul, don mutanen gari ba su cikin raha.

Washegari da hantsi munka tafi ganin teku. Waliyyu ya ɗanɗana ruwan ya tofar, ya ce Allah ya yi ruwa da yawa amma ya bar shi ba amfani. Can gefe samarin masunta suna buga ƙwallo kan rairayi, ƙafa ba takalmi. Na san abin da zai faru, na ce masa ya zauna. Ina. Ya tuɓe riga ya shiga, ba a jima ba sun fara tafa masa, suna kiransa da wani suna da ba mu gane ba. A kusa da wurin wasu masunta na turo wani ƙaton kwalekwale daga ruwa, sun shimfiɗa masa gungumai yana birgima a kai. Ƙwallo ta gangara gabansu. Waliyyu ya zura ƙafar hagu zai janyo ta. Gungume ɗaya ya kufce ya hau ƙwaurinsa, nauyin jirgin yana bisa.

Ƙarar da na ji irin ta karan dawa ce in an taka shi. Da anka ɗaga jirgin, ƙafar ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Akwai ɗan rauni a gaban ƙwaurin, bai kai faɗin bakin ƙaramin cokali ba, inda ƙashi ya leƙo ya koma. Jini ma bai zuba da yawa ba, rairayi ya manne a wurin.

Masuntan sunka ɗauke shi a kan wani katako har shagon Malam Jibrin, suna ta magana cikin damuwa. Malam Jibrin ya duba sau ɗaya ya ce a tsayar da tasi, asibiti ba nisa.

Waliyyu ya damƙe hannuna. "Ba ni zuwa."

"Kai yaro, ba shawara nike nema ba," in ji Malam Jibrin.

"Malam, kawuna ya shiga asibiti da karaya, da sanda ya fito, wandonsa a naɗe. Ni kuwa ina yaro na faɗo daga mangwaro, hannun ga ya rabu biyu, Baba Arzika ya ɗora shi. Ga shi nan, duba. Ku kai ni Aliero."

Malam Jibrin ya ce, "Ka san inda Aliero take daga nan?"

Sai Imrana ya sa baki, a hankali, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Ya ce mutanen duniya ke ɗauko karaya su kawo Aliero, bai taɓa jin an ɗauki karayar mutumin gida an kai wa baƙo ba. Ya ce likitocin nan ko harshensu ba mu ji, za su iya yanke ƙafar muna tsaye muna ce musu mun gode. Ya ce shi zai ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba, Baba ya ja ta in mun isa.

Na ce, "To ja ta kai mana, nan take. Ba ɗansa ba ne kai?"

Ya girgiza kai. A gidansu ɗa ba ya jan ƙashi sai ranar da uban ya tofa masa addu'a a tafin hannu ya ba shi izini, shi kuwa ba a kai ga ba shi ba. Riƙewa da ɗaurewa kawai ya iya. Kuma abin da anka ɗaure, Baba ne kaɗai ke kwancewa.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma mi na sani? Mai gyaran rediyo ne ni. Ga mai ƙafa ya ce Aliero, ga ɗan gidan ɗori ya ce Aliero. Waliyyu ya ga ina kallon Malam Jibrin, sai ya ƙara damƙe ni. Ya ce mu rantse da Allah, ni da Imrana, cewa ko ya suma, ko ya fita hayyacinsa, ba za mu shigar da shi asibiti ba. Yana zufa, idonsa cikin nawa. Munka rantse.

Malam Jibrin ya juya ya koma kan tsirensa. Daga can ya ce, "Allah shi sa in zan maƙaryaci." Duk da haka shi ya dafa ruwan zafi, shi ya kawo man kaɗe, shi ya fasa akwatin tumatir Imrana ya fere katakon ya yi karan ɗori. Da anka rasa abin ɗauri, Imrana ya ɗauko ƙyallenmu ya yayyage shi tsawo-tsawo. Ya wanke raunin, ya shafa mai, ya naɗe tun daga idon sawu har gwiwa. Koren fentin ya zagaye ƙafar, nan rabin harafi, can rabin harafi.

Jirgin Bamako ba kullum yake tashi ba, sai da munka jira shi. Waliyyu yana kwance bayan shago yana tsokanata, wai na zo Dakar da baki zan koma da goyo. Ranar tafiya ni na goya shi, Imrana ya riƙe ƙafar a miƙe, jakunkunanmu na buhun taki a rataye gaba. Malam Jibrin ya raka mu har tasha ya cusa mana tsire a takarda. Ya ce da ni a gefe, "In kun isa Bamako ka sake yi mishi magana. Rantsuwa tana da kaffara, ƙafa ba ta da."

A jirgi munka shimfiɗa shi a ƙasa tsakanin kujeru, mutane na tsallake shi. Duk girgizar da jirgin ya yi sai ya ciji hularsa. Ina riƙe da rediyo a kunne ina laluben tashar da ke Hausa, da ƙyar na kamo cewa mun ci Kenya. Waliyyu ya buɗe ido ya tambayi wa ya ci, da wace ƙafa, daga wane gefe. Na ƙirƙira masa abin da ban ji ba, ya yi murmushi. Kafin mu kai Bamako yatsun ƙafar sun kumbura sun yi sheƙi, jikinsa ya yi zafi.

A Bamako motar da ta ɗauke mu daga tashar jirgi ta bi ta gaban wani babban asibiti, ga masu fararen riguna suna shiga suna fita. Na ce, "Waliyyu, ko dubawa kawai su yi. Allura ɗaya, mu wuce."

"In sunka riƙe ni hwa?"

"Ba su riƙe ka."

"Da wane harshe za ka hana su?" Ya juya kai. "Ka rantse, Ummaru."

Abin da na iya kawai shi ne na shiga wani kantin magani na nuna ƙafata, na kwaikwayi karyewa, na taɓa goshi na nuna zafi. Matar ta yi ta magana tana nuna mini hanyar asibitin da munka baro, ina ɗaga kai kamar na gane. Daga ƙarshe ta gaji ta ba ni kafso ja da rawaya. Ban san guda nawa ake sha ba, sai na riƙa ba shi bayan kowace salla.

Hanyar da munka bi muna dariya ita ce munka biyo muna ƙidayar ramuka. Kowane shinge sai an sauke fasinja, jandarmomi su yi ta tambaya da Faransanci, mu yi ta nuna ƙafa. Wani ya sa munka sauko da shi ƙasa don ya tabbatar ba kaya munka ɓoye cikin ɗaurin ba. Da ya matso sai ya ja da baya ya toshe hanci, ya yi mana hannu mu tafi. A ranar na yarda da abin da hancina ya kwana yana gaya mini. Ƙafar ta fara wari, kuma ba warin albasa ba ne.

A Bobo fasinjoji sunka yi wa direba ca, ya ce ko mu koma saman kaya ko mu sauka. Munka koma saman kaya, rana na dukanmu, na cire rigata na yi masa inuwa. Farin ƙyallen ya zama ruwan ƙasa, wani ruwa na tsatsowa ta tsakanin katakan, ƙudaje sun same mu. Na ce wa Imrana ya kwance mu gani. Ya ce ba a kwancewa. Na ce to ya sassauta. Ya sassauta na sama kaɗan. Raina ya ɓaci, na zazzage shi tas. Na ce wane irin gado ne wannan da mutum zai ruɓe a hannunka kana jiran a tofa maka yawu? Na ce ko akuya aka ba ni a haka na yi wani abu. Bai rama ba. Ya ce, "Faɗa mini abin da za a yi, Ummaru, in yi."

A Wagadugu rediyo ta ce mun ci Zayar, mun kai wasan kusa da na ƙarshe. Na sunkuya na gaya wa Waliyyu. Ya ce to, madalla. Bai tambayi wa ya ci ba. Can da rana ya farka da ɗan haske a fuska ya ce zafin ya ragu, ƙafar ta daina zugi. Imrana ya ce alhamdu lillahi, ƙila ta fara kamawa. Ni kuwa na dubi yatsun, sun yi baƙi sun yi sanyi. Na faki idonsu na mintsini babban yatsan da ƙarfi, har farcena ya shiga. Waliyyu ya ci gaba da maganarsa, yana ba Imrana labarin wasan da zai buga da 'yan Tambuwal bayan salla. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na rasa wanda zan gaya wa.

A Yamai, muna jiran motar Gaya, na nemi Imrana na rasa. Na same shi bayan wata tirela a tsugune, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago, idonsa ja. Ya ce, "Ummaru, tun ina yaro nike shara a zauren Baba. Na ga karaya iri-iri. Ban taɓa jin wanga wari a can ba."

Na ce, "To mi ke nan?"

"Ban sani ba. Baba ya sani. Mu dai isa."

Abin da ya rage mana ke nan, mu isa. Waliyyu ya fara sambatu, yana kiran innarsa, yana cewa a ba shi ƙwallo ta hagu. Amma in ya dawo hayyacinsa tambayarsa ɗaya ce, saura ina da ina. Sai in jera masa: Doso, Gaya, Kamba, Bunza, Kalgo, Jega, Aliero. Ya riƙa maimaitawa kamar mai tilawa. Ya rame har goyonsa ya daina yi mini nauyi, wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali.

Da munka ƙetare a Kamba na ji Hausa ta ko'ina, na ga kuɗinmu, na ga motocinmu, na yi zaton zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. A mararrabar Kalgo na dubi hanyar Birnin Kebbi, inda akwai asibiti, na dubi Waliyyu. Idonsa a buɗe yake, yana kallona, ya san abin da nake tunani. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Na kawar da kai, mota ta miƙa Jega.

Mun shiga Jega washegarin ranar da Ghana ta fitar da mu. A tasha kowa maganar da yake yi ke nan, wasu na zagin alƙalin wasa, wasu na zagin 'yan baya. Wani da ya san ni ya hango ni ya taso yana cewa ga 'yan Dakar, ku ba mu labari. Da ya ga abin da ke bayana sai ya tsaya inda yake. Shehu direba, maƙwabcina mai fijo, bai ko tambayi kuɗi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya sauke gilasai duka, munka kwantar da Waliyyu kansa a cinyata.

Da munka fara ganin tarin albasa a bakin hanya Waliyyu ya ce a ɗaga shi. Ya leƙa, ya shaƙi iska, ya yi dariya ta farko tun Bamako. "Aliero," in ji shi. "Ban gaya muku ba? Mun iso."

La'asar ta yi lokacin da Shehu ya tsaya a ƙofar gidan. Baba Arzika ya fito kamar yadda ya saba, yana goge hannu da gefen riga. Imrana ya durƙusa zai gaishe shi, tsohon bai ko dube shi ba, don tun kafin ya kai ga motar hancinsa ya gaya masa. Ya sunkuya a ƙofa.

"Baba, ina wuni," in ji Waliyyu. "Na sake kawo maka aiki."

"Sannu, ɗana. Sannu."

Ya fara warware ƙyallen, zagaye bayan zagaye, koren fentin na fita a hannunsa. Waliyyu ya san yadda ake yi, an taɓa ɗora shi. Ya cire hularsa ya ninke ta, ya sa tsakanin haƙora ya cije, ya kama hannuna da hannu biyu, ya rufe ido yana jiran a ce a shiga da shi a ja. Baba ya ɗaga katako na ƙarshe. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Shehu direba ya koma bayan mota ya yi amai.

Tsohon ya daɗe a sunkuye. Ina jiran kalmomin nan huɗu da na sha ji daga bakinsa. Bai faɗe su ba. Ya aika aka kawo sabon ƙyalle ya rufe ƙafar sama-sama, sannan ya miƙa hannu ya zare hular daga bakin Waliyyu a hankali, ya mayar masa da ita a kai. Ya shafa goshinsa ya yi masa addu'a. Ya yafito ni da Imrana gefe, gindin dalbejiya.

"Yaushe?"

Imrana ya gaya masa.

"Ƙashi ya huda fata?"

"Kaɗan, Baba. Ɗan ƙaramin baki."

"Babu likita a garin?"

Imrana ya ce, "Baba, ba ka taɓa kasa kowa ba. Duk wanda ya shiga zaure..."

"Wanda ya shiga," in ji tsohon. "Mi kake tsammani nike fitowa yi bakin mota? Gaisuwa? Wanda ƙashi ya huda fata, ko nan ƙofata ya faɗi, asibiti nike tura shi tun jini bai bushe ba. Su wanke, su yi allura. Irinsu ba su shiga zaurena, shi ya sa ba ka san su ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Ban kai ga koya maka wannan ba. Na ɗauka da sauran lokaci."

Imrana ya zauna a ƙasa daɓas.

Na ce, "Baba, da mun bar shi can..."

Bai bar ni na ƙarasa ba. "Ku tahi Sakkwato yanzu, babban asibiti, kada ku tsaya ko'ina. Ba ƙafa muke nema ba yanzu, rai muke nema."

"Mun rantse mishi ba mu kai shi asibiti."

"Na ji. Ku tahi."

Na koma mota na ɗora kan Waliyyu a cinyata. Imrana ya shiga gaba bai waiwayo ba. Waliyyu ya dube ni, ya dubi ƙofar zauren da ke buɗe, ga tabarma a shimfiɗe a ciki, ga wani yaro da karan ɗori a hannu yana shan fura.

"Ba a shiga da ni?"

Na gyara masa hula.

"Ummaru, mi Baba ya ce? Sai gobe? Gida za mu kwana?"

Shehu ya tayar da mota. Da munka hau kwalta bai juya wajen Jega da Maiyama ba, ya miƙa hanyar Tambuwal. Waliyyu ya sha bin hanyar nan zuwa wasa, ya san kowace bishiya a kanta. Ya dubi sama ta gilashi. Sannan ya yunƙura zai tashi.

"Wagga ba hanyar gida ba ce."

Na riƙe kafaɗunsa.

"Shehu, tsaya. Imrana, ce mishi shi tsaya. Kun rantse. Ummaru, da Allah kunka rantse."

Ba shi da ƙarfin da zai ture ni, ko yaro ya fi shi ƙarfi a lokacin. Na haɗa hannuwansa biyu a hannuna ɗaya na danne a ƙirjinsa, ina kuka yana kuka, yana kiran sunana, har ya gaji ya koma jero garuruwan nan a hankali, Kamba, Bunza, Kalgo, Jega, Aliero. Ni da ake cewa baki ne nawa, daga Aliero har Sakkwato ban iya ce masa komai ba.

Washegari likitoci sunka yanke ƙafar, sama da gwiwa. Sun ce da mun ƙara kwana da ba su same shi ba. Ya rayu, yana nan Maiyama, yana da shagon ɗinki da keken hannu, yana da iyali. Muna gaisawa, yana ma tsokanata in ya ga dama. Maganar ƙwallo ce kawai ba mu yi.

Na tambayi malamai, na yi azumin kaffara, Imrana ma ya yi. Da na je na gaya wa Waliyyu na sauke rantsuwar, yana zaune wandonsa na hagu a naɗe an soke da allura. Ya ce, "Allah shi karɓa." Ya ci gaba da ɗinkinsa.